Gudu da Ƙwan Zabi a Ka

Ku samarin da kuke zuwa daga Birnin Kudu duk Asabar, da gajerun wanduna da takalma masu laushi kamar burodi, kuna hawa duwatsun bayan garinmu a guje, ku matso ku ji. Makon jiya kun tsaya shan ruwa a ƙofar gidana, kuka tambayi wanda ya san hanyar da ta fi wuya, aka nuna muku ni. Da aka ce sana'ata ɗaukar ƙwai ce, dogon cikinku ya yi dariya ya ce, "Iya, ai ƙwai ba shi da nauyi." Ban tanka masa ba, don na ga yana haki. Ni ban yi boko ba, amma a rubuta yadda na faɗa, kada a gyara mini.

Sunana Tabawa. Daga Kwandiko har Basirka, in ka ce Tabawa mai ƙwai, tsofaffi za su nuna maka gidan nan. Ga yadda sana'ar take. Da damina Fulani kan kai rugarsu bayan Dutsen Rema, gudun gonakin mutane. Zabinsu a daji suke ƙwai, matan su bi gurbi su kwaso da safe. Motar Kano kuwa tana tashi daga bakin titin Sara ranar kasuwa kafin azahar, ba ta jiran kowa. Tsakanin ruga da titi akwai dutse, akwai kwazazzabo, akwai ƙorama. In tafiya kike yi, sawun taya za ki tarar. Dole a yi gudu.

Kuma ƙwan zabi iri biyu ne a wurin mai saye. Akwai na ci, wanda za a dafa a sayar a tasha. Akwai na kwanci. Zabuwa ba uwa ba ce, ba ta iya reno, don haka ake sa wa kaza ƙwanta ta kwanta a kai kwana ashirin da takwas. Na ci kowa zai iya kawowa. Na kwanci shi ne inda sunan mutum yake.

Aikin farko da Gwaggo Dije ta ba ni babu ƙwai a ciki. Ƙanwar mahaifina ce, ita ke riƙe da hanyar shekara da shekaru. Da na fita takabar maigidana da 'ya'ya uku a gabana, ta ce in zo in koyi abin da zai ciyar da mu. Ta cika ƙwarya da ruwa har baki, ta ɗora mini, ta ce in ruga daga tsamiyar ƙofar gari zuwa rijiya in dawo. Na dawo sharkaf. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke, wanka na aike ki?" Haka muka yi wata guda, kullum mata na leƙowa ta katanga suna dariya. Ran nan ta gaji ta kama ƙuguna da hannu biyu ta ce, "Gudun ƙwai daga gwiwa zuwa ƙasa yake. Daga nan zuwa sama, ki zama kamar kina zaune gaban surukinki." Daga ranar na gane. Taku gajere, gwiwa a lanƙwashe, ƙafa na sharar ƙasa, wuya a tsaye. Ku kuwa tsalle kuke yi. Ina hango ku daga nan, kawunanku na sama da ƙasa kamar na ƙadangare.

Ranar da ta fara yarda in shirya kaya da hannuna, sau uku tana zazzage ƙwaryar. Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da ƙa'idarsa. Ƙwarya mai zurfi, tsohuwa, wadda ta daina ɗaci. Ƙaiƙayin gero, busasshe, wanda muke ajiyewa tun kaka a tukunya don kada ya sha laima. A zuba ƙaiƙayi, a jera ƙwai, tsini ƙasa, gindi sama, don a gindin iskar ƙwai take, a nan ɗan zabo zai fara numfashi. Kada ƙwai ya taɓa ɗan'uwansa. A ƙara ƙaiƙayi, a danna da tafin hannu, a sake jeri. A rufe da faifai a ɗaure. Gammo na tsohon zane, mai faɗi, ba irin na ɗebo ruwa ba. Ɗamara a ƙugu, sanda a hannun dama, ɓarin goro a kunci. Shi ke nan. Gwaggo takan ɗaga ƙwaryar ta kai kunne ta ɗan kaɗa. In ta ji motsi ko kaɗan, sai ta juye a tabarma a hankali ta ce, "Sake."

Fitata ta farko da kaya na gaske, na yi kuskuren da ban ƙara ba. Bari in faɗi hanyar kamar yadda ake dawowa daga ruga, tunda ita kuka tambaya. Da farko hawan tsakuwa ne, wadda take gudu a ƙarƙashin ƙafa; ki yi taku uku, ta ƙwace ɗaya. Nan ba a kallon sama, ba a buɗe baki. A ƙololuwa akwai Matsatsi, tsaga ce tsakanin duwatsu biyu, ba a wuce ta da kaya a ka sai an durƙusa an yi gefe. Kafin ki shiga ki buga sanda sau biyu uku, don kububuwa na son inuwar wurin. Kina fita sai Falale, shimfiɗaɗɗen dutse sumul, ya karkata zuwa kwazazzabo. In an yi ruwa za ki ga baƙaƙen layuka inda ruwa ke tsattsafowa. Baƙi gansakuka ne, fari shi ne hanya. Daga nan ƙorama, daga ƙorama a miƙe a guje tsakanin gonaki har titi.

To, ranar ina da takalmin taya, sabo, ina ji da shi. Gwaggo ta tuɓe nata a bakin Falale ta soke a ɗamara, ni na ce dutsen da zafi. Taku na biyar ƙafa ta tafi. Na zube a gwiwa, hannu biyu a sama riƙe da ƙwarya, ina sulalewa har wani ɗan tudu ya tare ni. Fatar gwiwata ta zauna a dutsen. Gwaggo ta sauko a hankali, ta karɓi ƙwaryar, ta kwance faifai ta duba, ta mayar ta ɗaure. Sannan ta ce, "Sannu." Ƙafa tana da ido, amma in kun rufe mata fuska da roba ba ta gani. A Falale gefe-gefe ake sauka, yatsu a baje.

Masu hulɗa da mu biyu ne, ɗaya a kowane ƙarshen hanya. A ruga akwai Hajo, uwargidan ardo, ita ke tara ƙwan matan duka. Komai saurinki sai kin zauna kin gaishe ta, kin tambayi shanu, kin tambayi ruwa, kin tambayi sauro, kin kurɓi nonon da ta miƙo. Kurɓa ɗaya, don nono a ciki dutse ne a wurin hawa. Wanda ya tsaya a tsaye ya ce a ba shi ƙwai, ƙwan jiya za a ba shi. A titi kuma akwai Alhaji Sabo, dillali, mutumin Sara mai 'yan'uwa a Kano. Yana zaune ƙarƙashin rumfa da daro cike da ruwa. Ya tsoma ƙwai: wanda ya nutse mai kyau ne, wanda ya taso baragurbi, wato ruɓaɓɓe. Gwajinsa ke nan, bai san wani ba. Damina tara muna kai masa ni da Gwaggo, bai taɓa tambayar yadda hanyar take ba.

Sai shekarar da ta zo da abu biyu lokaci ɗaya. Farkon damina gwiwar Gwaggo ta kumbura, mai ɗori ya duba ya ce ba karaya ba ce, ƙarewa ce. Ta koma tabarma, cinta da shanta suka dawo kaina tare da na 'ya'yana. A shekarar kuma Iliya, ɗan wan Alhaji, ya sayi babur. Magidanci ne, mai fara'a, ba ni da abin faɗa a kansa. Ya gano cewa in ya bi burtalin shanu ya zagaye dutsen ta kwalbati, zai kai ruga. Hanyar ta ninka tawa nisa, duk ramuka ce, amma inji ba ya haki.

Ran wata kasuwa na sauke kaya, Alhaji ya ce, "Tabawa, zamani ya zo. Mako mai zuwa a raba ƙwan biyu, ke rabi Iliya rabi. Wanda ya riga isowa da kayansa lafiya, hanyar tasa ce."

Na ce, "Alhaji, ƙafa da inji?"

Ya ce, "Ai ke kika ce taki yanke ce."

Na faɗa wa Gwaggo. Ta murza gwiwa ta ce, "Zai riga ki. Ki tafi da gawayi."

Al'ada ce tamu, in za a sa wa kaza ƙwai a ja masa layi da gawayi, don a bambanta shi da wanda kazar za ta ƙara a gurbin. Masu gida ke yi, ba masu dako ba. Ranar a gaban Hajo na zauna na ja wa kowane ƙwai nawa layi kafin in jera. Iliya ya zuba nasa a bokitin roba da tsummoki, ya ɗaure a bayan babur da igiyar taya. Ya ce, "Iya Tabawa, kwalliya ake musu? Kano za su, ba gidan miji ba. In saya miki rake in ajiye, ko kafin ki iso ya bushe?"

Na ce, "Ka saya, ka fere mini."

Ya buga babur, bokitin na rawa a bayansa. Hajo ta bi shi da kallo, ta taɓe baki, ta ɗora mini kaya.

Ban taɓa gudu kamar na ranar ba. Hawan tsakuwa na yi shi ba tsayawa. A Matsatsi na buga sanda, na durƙusa, na wuce. Falale ya jiƙe da yayyafin safe, na sauka gefe-gefe ina bin farin dutse, remaye na kallona daga kan duwatsu. Da na hango ƙorama na san lokaci bai ƙure mini ba, in na tsallaka nan take zan iya kamo shi, don ramukan burtali ba sa barin babur ya sake.

Sai na iso bakin ruwa. Da safe da na wuce, garau yake, iyakarsa idon sawu. Yanzu ya yi ja, da kumfa a gefe, da busassun karare da kashin shanu suna wucewa. Zurfinsa bai wuce gwiwa ba, ga sama kuma tas. Wanda bai sani ba zai shiga. Amma jan ruwa da shara na nufin an yi ruwa a can sama, kan ruwan ne ya iso, jikinsa na baya. Mutane nawa ƙoramar nan ta ɗauka da rana tsaka, ba hadari ko ɗaya a kansu. Na tsaya na dubi ƙetare, ga gonaki, ga hanya a miƙe. Na juya na bi gaɓa na haura zuwa gindin kanya, inda ƙoramar ta matse tsakanin manyan duwatsu ana taka su a ƙetare. Ina kan dutse na biyu na ji rugugin. Kafin in sauka a ɗaya gefen, mashigin da na bari ya haɗiye har ciyawar gaɓa.

Zagayen ya cinye mini lokaci. Da na iso titi, mota na lodi, Iliya na zaune a kan babur yana shan rake, ya miƙo mini nawa a fere. Na karɓa, don na ce ya saya. Alhaji ya riga ya tsoma nasa a daro, duk sun nutse, ba wanda ya fashe. Ɓawon ƙwan zabi tauri gare shi, ba kamar na kaza ba. Ya tsoma nawa, su ma suka nutse.

Ya ce, "To, Tabawa, kin gani da idonki."

Na ce, "Na gani. Alhaji, na ci ne ko na kwanci?"

Ya ce, "Na kwanci ne duka. Masu kiwo ne suka yi mini magana, a Birnin Kudu da Kano."

Na ce, "Nawa suna da layin gawayi, ruwan daro bai wanke shi ba. A bar shi."

Ya yi dariya ya ce an bari. Ya sallame ni, ya ce Allah Ya buɗa wata ƙofar.

Kasuwa biyar ban hau dutse ba. Na shiga ƙwadagon noma a gonakin mutane, na yi surfe, na yi daka. Tuwon gidan ya ragu, miyar ta tsinke. Gwaggo kuwa, duk ranar kasuwa da hantsi in ta ji ƙarar babur daga nesa takan ce, "Ga kaɗa nono can ya wuce." Abin da ta sani, wanda daro bai sani ba, shi ne ƙwai na mutuwa a cikin ɓawonsa. In ya sha girgiza, gwaiduwa ta saki, iskar gindi ta tsinke. A ido lafiya, a ruwa ya nutse, a dafa a ci ba laifi. Amma kaza ta kwanta a kansa har ta rame, ba abin da zai fito.

Kwana biyu bayan kasuwa ta biyar, ana tsakiyar malka, aka yi sallama a ƙofa. Alhaji Sabo ne da kansa, da babbar riga, takalmi duk taɓo. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, Gwaggo ta jawo jiki ta zauna a bakin ƙofa. Ya gaishe ta, ya tambayi gwiwa, ya tambayi damina, ya sake tambayar gwiwa.

Gwaggo ta ce, "Alhaji, gwiwar nan tun farkon ruwa take ciwo. Yau ta isa kunnenka?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo, masu gawayi sun ƙyanƙyashe. Sauran kuwa, sai ɗai-ɗai. Wata Hajiya ta aiko mini da nata a kwano, a rufe, wai in buɗe a gaban jama'a. Kuma na makonnin da suka biyo baya suna nan ƙarƙashin kajin mutane, na san abin da ke jirana."

Gwaggo ta ce, "Ka tsoma su a daro mana."

Ya juyo gare ni ya ce, "Tabawa, ki koma hanyarki. Iliya ya riƙa jiranki a titi yana kai na ci inda za shi. Na kwanci naki ne."

Na ce, "Na ji. Amma kai ne ka aika wa Hajo cewa Iliya za ta riƙa ba ƙwan. Bafulatana ba ta warware magana da bakin ɗan aike, balle da bakina ni da abin ya shafa. Sai ka je ka faɗa mata."

Ya ce, "Sai Iliya ya kai ni."

Na ce, "Burtali ya zama taɓo har cinya. Shekaranjiya mutum huɗu suka ciro babur ɗin."

Ya dubi Gwaggo, ta dubi rufin zaure. Ya ce, "To ta ina?"

Washegari da hantsi na sa shi a gaba, a'a, a baya, don gaban ba nasa ba ne. Ba ƙwarya a kaina, tafiya kawai, ba gudu. A gindin kanya ya naɗe riga ya taka duwatsu yana salati. A bakin Falale na ce ya tuɓe takalmi. Ya ce shi Alhaji ne. Na ce dutsen bai je Makka ba. Ya tuɓe. Ya hau da ƙafa biyu da hannu biyu, hula a baki, ina gaya masa, "Fari, Alhaji, bar baƙin." A Matsatsi tumbinsa ya tsaya, sai da ya fitar da numfashi duka ya wuce. Da muka fita ya zauna a kan dutse, yana haki. Daga nan ana hango titin Sara can ƙasa kamar zare.

Ya ce, "Tabawa, kullum nan kike bi?"

Na ce, "A guje, da ƙwai a ka."

Ya ce, "Damina tara?"

Na ce, "Gwaggo ta fi ashirin."

A ruga Hajo ta bar shi ya gaishe ta yadda ya kamata, ta miƙa masa nono, ya kafa kai ya shanye ƙwaryar, ban hana shi ba. Ya faɗi abin da ya kawo shi a gaban ardo da matan duka. Hajo ta saurara har ya gama, ta ce, "Mu dama ba mu ga laifin ƙafa ba." Ta shiga bukka ta fito da ƙwan safiyar, ta ajiye a gabana, ba a gabansa ba. Na ari ƙwarya da ƙaiƙayi na jera.

Da muka dawo kan Falale, ni da kaya a ka, shi da cikin nono, ya leƙa gangaren ya ga kwazazzabo a ƙasa, ya ja da baya.

Ya ce, "Hawa na hau. Sauka fa, yaya ake yi?"

Na ce, "Ni gefe-gefe. Kai zauna ka ja jiki."

Ya ce, "Da girmana?"

Na ce, "Ba mai gani sai ni da remaye, kuma su ba sa zuwa kasuwa."

Haka ya sauko, a zaune, rigar shadda na goge dutse. Ni kuwa ban faɗa wa kowa ba sai yau da ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa. Hanyar ta zauna a hannuna daga ranar har damina goma sha ɗaya, Gwaggo ta ci tuwonta da miya mai kauri har ƙarshen kwananta, kuma ba wanda ya ƙara karɓe mini ita. Gwiwata ce ta karɓa, lokacin da ta ga dama.